Yadda Aka Yi Musayata da Ɗalibi da Firiza

A shekarun da council, wato hukumar gari, ta shiga rufe-rufe ne. Yau ka ga an sa kwaɗo a laburare, gobe a wurin da muke kai jarirai awo da wasa. Wurin ninkaya da maigidana yake shara da gyaran ruwa yana cikin na farko-farkon da aka rufe. Ya yi ta yawon neman aiki a Birmingham bai samu ba, sai kawunsa, wan mahaifiyarsa da ke zaune a unguwar Hulme ta Manchester, ya yi masa hanya a wani filin ƙanƙara a gefen Manchester. Na tambaye shi me ake yi a ciki, ya ce zamewa. Na ce da gangan? Ya ce har biya suke yi.

Haka ya tafi. Ɗakin da aka ba shi a gidan Kawu, in ya miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Ni da jaririyata muka zauna a Lozells, unguwarmu a Birmingham, wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda take yin cincin da dambun nama da miti-fai na suna da biki. Ita take karɓar aiki, ni nake tsayawa a kan kasko. Yarinyar 'yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban manya, in an yabe ta sai in kau da kai. Haka aka rene mu a Zangon Kumasi. Amma in ta yi barci sai na sa yatsa ƙarƙashin hancinta in ji numfashi, kuma matar da ke ɗaukar waya a wurin GP, likitan unguwa, ta san muryata tun kafin in gama gaisuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar ta daina gane ubanta. Mako biyu-biyu yake zuwa a doguwar bas, ya shigo da sanyin waje a jikinsa, ya miƙa mata hannu, ita kuwa ta ƙanƙame zanen Gwaggo ta ɓare baki. Sai ya yi dariya ya ce ba komai. Ni na san da komai. So nake mu koma wurinsa kafin ta fara tafiya.

Shi kuma ya dawo mana da wata sabuwar cuta. Akwai wani tsoho ɗan Kanada da suke aiki tare, mai wasa takalman ƙanƙara, waɗanda ke da wuƙa a ƙasa. Shi ya koya masa wasan hoki, wanda ƙarti suke bin wani ɗan baƙin abu kamar ƙonannen ƙosai da sanduna masu lanƙwasa. Ba wasan ne ya kama shi ba, cinikin 'yan wasan ne. Ya ce can ƙasar tsohon ba a sayen ɗan wasa da kuɗi kamar na ƙwallo, musaya ake yi. Ka ba da gwani ɗaya, a ba ka matsakaita biyu, a ɗora maka da yaron da ba a ma zaɓa ba tukuna, wanda watakila yanzu yana makaranta yana cin biskit bai san an yi cinikinsa ba. Kuma wai wanda ya fi iya wasa ba lallai shi ya fi daraja ba. Ana duba shekarunsa, da sauran kwantiraginsa, da nauyin albashinsa, da ko gwiwarsa ta taɓa ɓallewa. Gwani mai shekaru da babban albashi, sai ka haɗa da kyauta kafin a karɓe shi.

Yana nuna mana hotunansu a waya muna cin abinci. Ni mahaifina dillalin raguna ne, na tashi ina ganin yana buɗe bakin rago ya duba haƙora kafin ya yi magana. Na karɓi wayar na duba wanda ya ce babu kamarsa a duniya. Yana murmushi, gabansa wawakeke kamar ƙofar da aka cire ƙyaure. Na duba na biyu, haka. Na uku har da karyayyen hanci. Na ce masa gaskiya waɗannan duk ba mai yin layya a cikinsu. Ya ce ban gane ba ne, rashin haƙorin shi ne shaidar mutum ba ya kauce wa abu. Na ce to mutumin da ba ya kauce wa abu ai sai a rage masa kuɗi. Ya ɗauke wayarsa.

Gwaggo ce ta ba mu mamaki. Da farko cewa take a kashe mata wannan shirme, sai ga ta tana tambayar wancan mai jan gemu kwantiraginsa saura nawa. Mai tsaron raga ne nata, don ta ce shi kaɗai ne mai kunya a cikinsu, ya rufe jikinsa ruf, ya tsaya wuri ɗaya bai bin yara yawo. In maigidana ya ba ta labarin wata musaya, sai ta ajiye muciya ta ce an cuci waɗancan, da ita ce sai an ƙara mata. Yawanci tsohon ɗan Kanada yakan yarda da ita in an kai masa labari. Har gaisuwa suka fara aika wa juna, shi ya aiko mata da kwalbar wani ruwan zaƙi na itace, ita ta aika masa da yaji.

Matsalarmu biyu ce. Gwaggo ta ce ba inda za ni, wa zai tsaya mata a kan kasko? Gidan Kawu kuma babu ɗakin da zai ɗauke mu mu uku sai ɗaya, na sama mai taga, kuma ƙanin matar Kawu ne a ciki. Ɗalibi ake ce masa, amma da furfura a gemunsa, in ya gama wannan digiri sai ya shiga wancan. Sai Allah ya sa ya samu gurbi a jami'a a Birmingham, ya je Selly Oak, unguwar ɗalibai, neman ɗaki, ya ji kuɗin haya, ya dawo Manchester ya kwanta da ciwon kai.

Maigidana ya zo ran Asabar idonsa na ƙyalli. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya ce ya zo da magana. A ba da ni da yarinya Hulme, a karɓi ɗalibi Lozells, ɗaki da ɗaki, kowa ya huta. Gwaggo ta ci gaba da yanka cincin ba ta ɗago ba.

"Ɗaya da ɗaya kawai?" ta ce. "Ni za ka yi wa haka, ni da kai ka koya wa?"

Daga nan aka buɗe kasuwa. Gwaggo a wannan ɓangare, matar Kawu, wadda muke ce wa Hajiya, a wancan, waya a kan teburin kicin an saki murya, ni ina gefe ina suya. Kawu tun ranar farko ya ce shi ba ruwansa, a dai bar masa kujerarsa ta falo.

Tun da na shigo gidan Gwaggo ban taɓa jin ta yabe ni ba. Cincin ɗina ko ya yi duhu ko ya yi fari, tafiyata kamar ta mai bin gawa, gishirina kamar na mai jin haushin mutane. To a wayar nan sai na ji wata mace da ban sani ba. Wai yarinya ce ɗanya shakaf, shekarunta na gaba duk na aiki ne. Wai hannunta bai taɓa ƙona mai ba. Wai ba ta ci da yawa, ba ta kunna hita sai an ce ta kunna, ba ta da ƙawaye masu zuwa su cinye shinkafa. Ina juya cincin hawaye na taruwa mini, rabi na daɗi, rabi na tsoro, don kowane yabo ƙara mini nisa yake da Manchester.

Shi kuma maigidana, don ciniki ya faɗa, dole ya rage mini daraja. Mutumin da ya bi ni har rumfar mahaifina sau ba adadi yana tambayar kuɗin ragon da ba zai saya ba, shi ne ya zauna a kicin ɗin Gwaggo yana cewa ai bayana bai koma daidai ba tun haihuwa, ai ba na jin Turanci sosai, ai yarinya ta yi atishawa sai na kira GP, ai ina tsoron dila da ke shigowa bayan gida, ina tsoron tukunyar gas, ina tsoron baƙin da damshi ya yi a bango. Duk gaskiya ne, shi ya sa ya fi zafi. Da muka haɗu a matakala ya ce mini in yi haƙuri, dabara ce. Na ce na gane, amma zancen dila bai zama dole ba.

Dabarar ma ta juye masa. Ya manta Hajiya tana kan waya tana ji. Ta ce in haka ne ita ba za ta ba da lafiyayyen ɗalibi a kan mai ciwon baya ba, sai dai Gwaggo ta ƙara mata wani abu. Sai ya koma yana yabona wa Hajiya yana kushe ni wa Gwaggo a cikin magana ɗaya, har ya ruɗe ya ce bayana yana ciwo ne a Birmingham kawai.

Gwaggo ta ce ita ba ta sayen abin da ba ta gani ba. Ta ji a bakin maigidana cewa ba a kammala musaya sai likita ya duba ɗan wasa, don haka a turo mata ɗalibi. Ya zo ran Lahadi da jakar littattafai, ya gaishe ta da Hausar da ta sha Turanci har ta yi laushi. Ta sa shi ya ɗauki buhun fulawa daga ƙofa zuwa sama, ya sauko da shi, don dama a ƙasa ake ajiye shi. Ta ba shi albasa ya yanka, ya yi kuka kamar an aiko masa da rasuwa. Ta ba shi muciya, ya riƙe ta kamar biro. Ya tambaya ko akwai intanet a gidan, ta tambaye shi shekarunsa, kowa ya ƙi amsa wa kowa. Da ya tafi ta kira Hajiya ta ce ta ga kaya. Tsoho ne, kwantiraginsa ba shi da ranar ƙarewa, kuma ya ci miti-fai har ta daina kallo. Sai an haɗa mata da babban firizan nan na kwance da ke cikin kicin ɗin Hulme, wanda ta gani shekarun baya ta kasa mantawa.

Hajiya ta ce firiza ba ya cikin magana. Aka yi makonni ba a kira juna ba. A cikin makonnin nan yarinya ta fara kama kujera tana miƙewa. Ina kallonta ina lissafin kwanakin da suka rage kafin ta fara tafiya.

Maigidana ne ya ce a haɗu a wurin da ba na kowa ba. Yana samun tikitin kyauta a wurin aikinsa, akwai wasa ran Lahadi da la'asar, kowa ya zo. Gwaggo ta shiga doguwar bas da zane uku, da safa biyu, da bargon gadonta a cikin jakar Ghana. Ni na naɗe yarinya har sai da wata mata a bas ta leƙa ta tabbatar akwai mutum a ciki.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. An gina ɗaki ƙato, an kawo sanyi an zuba a ciki, a ƙasar da sanyi yake kyauta a waje. Muka zauna a jere, Gwaggo, ni da yarinya a cinya, Hajiya, sai Kawu a ƙarshe da kofin shayi. Ƙartin suka fito suna yawo a kan wuƙaƙe, suna buga juna da gilashi har kujera tana girgiza. Duk lokacin da aka bugo baƙin abin nan wajenmu sai in kifa a kan yarinya, duk da akwai gilashi da raga. Biyu suka yar da sanduna suka kama dambe, alƙalan wasa suka tsaya suna kallo kamar masu jiran bas, da suka gaji aka kai kowanne wani ɗan akurki ya zauna ya huce. Gwaggo ta ce wannan tsari ne mai kyau, ya kamata a kawo shi gidan biki.

Da aka tafi hutu sai ga wata mota kamar akwati ta shigo filin tana goge ƙanƙara, maigidana a samanta da hular sanyi. Aikinsa ke nan, sabon girma da aka ba shi. Ba ya iya sauka sai ya gama zagaye, kuma daidai lokacin matan suka buɗe magana. Duk lokacin da ya zagayo ta gabanmu sai ya ɗago kai ya dube ni da tambaya a fuska, motar ta wuce da shi.

Hajiya ta ce ta yi shawara da zuciyarta, za ta ba da firiza, amma ban da kwandunan ciki. Gwaggo ta ce da kwanduna. Hajiya ta ce kwando ɗaya. Aka tsaya a nan. Maigidana ya zagayo, na ɗan gyaɗa masa kai, ya yi murmushi har motar ta ɗan karkace.

Sai Gwaggo ta gyara bargonta ta ce saura abu ɗaya, wanda ba a zaɓa ba tukuna. Ai kowace musaya ta kirki da shi ake rufewa. Ta miƙo hannu ta shafa kan yarinyar a cinyata. Ta ce in lokacin yaye ya yi a kawo mata ita Lozells, ita za ta yaye ta, ita za ta riƙe ta, kamar yadda aka saba. Tun ranar da aka fito da ita daga asibiti a hannunta take.

Hajiya ta ce ai wannan ba abin musu ba ne, 'yar fari ta kakanni ce. Kawu ya ce madalla, ya kurɓi shayi. Ba wanda ya dube ni, kuma ba rashin kirki ba ne, ba a tambayar uwa a kan ɗan fari. Ni ma a hannun yayar mahaifina na tashi, sai da na yi wayo na san wadda nake ce wa Anti ita ta haife ni.

Maigidana ya zagayo yana ɗaga mini babban yatsa.

Ban san ta inda zan fara ba. Abu ɗaya al'ada ta bar mini a kan yarinyar nan, in kushe ta. Na sunkuyar da kai na ce Gwaggo wannan ai wahala za ki ɗaukar wa kanki. Ba ta barci, ga ƙiwuya, ga kashi ba lokaci, ga kunnenta ɗaya kamar ya fi ɗaya, kullum hancinta na zuba, ga ta da kwantiragi mai tsawo, sai ta yi shekara ashirin tana ci ba ta kawo komai. Ina faɗa ina jin ɗuminta a cikina, ina neman gafararta a zuci. Gwaggo ta saurare ni har na gama, ta ce duk ta sani, a haka take so. Ta ce wa Hajiya ta ga irin kunyar da take faɗa mata? Irin wannan tarbiyya ai ta fi firiza.

Motar ta kusa gamawa, saura tsakiyar fili. Na ga in ya sauko an riga an shafa fatiha.

"Gwaggo, ki gafarce ni," na ce. "Ba na bayarwa."

Ban ɗaga murya ba, amma Kawu ya ajiye kofinsa. Hajiya ta shiga gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Gwaggo ta juyo gaba ɗaya da bargonta ta dube ni, irin kallon da take wa mai in tana so ta san ko ya yi zafi.

"Me kika ce, 'yar nan?"

"'Yata ce. Ina son ta. Ko za a fasa tafiyar, a fasa."

Ban taɓa faɗin haka a gaban babba ba, har na ji kamar na fito ba ɗankwali. Gwaggo ta mayar da ido kan fili. Can ta ce dama yaron nan ya taɓa gaya mata akwai 'yan wasan da ba a taɓa su, kowace ƙungiya tana da nata, ko me za a ba ta. Ta ce ba ta san a gidanta ma akwai ba. Ta share hanci da gefen bargo ta ce sanyin wurin nan ba na mutane ba ne.

Amma Gwaggo ba ta tashi daga kasuwa hannu rabbana. Ta ce tunda an hana ta na gaba, sai a ba ta na yanzu. Ta nuna filin da haɓa. Wancan na kan mota, ƙaramar salla da babba, da duk bikin da ya wuce kasko biyu, zai zo Lozells ya tsaya a kan wuta. Hajiya ta ce ta bayar. Kawu ya ce shi ma ya bayar, ɗan ƙanwarsa ne, yana da iko. Aka shafa fatiha daidai lokacin da ƙartin suke dawowa.

Ya hauro wurinmu yana haki, hancinsa ja, ya tambaya an gama? Gwaggo ta ce an gama, Allah ya sa albarka. Ya tambayi abin da aka ɗora. Aka ce firiza da kwando ɗaya. Ya ce kai, an yi ciniki mai kyau, tsohon ɗan Kanada zai ji daɗi. Ba wanda ya gaya masa sauran sai da azumi ya kusa.

Muka tare a ɗakin sama mai taga. Ɗalibi ya bar mana littattafai a ƙarƙashin gado da wani wari kamar na tsohuwar safa, na wanke bango har da rufi. Firizan kuwa da aka kai Lozells ya ƙi shiga ƙofar kicin, a falo ya zauna, Gwaggo ta shimfiɗa masa leshi ta ɗora hoton Makka. Takan kira Hajiya ta ce a dawo mata da kayanta, ɗalibi ya ƙona mata tukunya, Hajiya ta ce kasuwa ta tashi. Sannan ta ce a ba ni waya, ta tambaye ni ko ina sa wa yarinya hula, ta ce muryata kamar ta mai bin gawa.

A Hulme yarinyar ta yi takunta na farko, daga gado zuwa gwiwar ubanta, yana cire takalmin aiki bai ma shirya ba. Da lokacin yaye ya yi ni na yaye ta da kaina. Ban iya ba, ba wanda ya taɓa nuna mini yadda uwa take yi, don a gidanmu ba uwa ke yi ba. Tana kuka ina kuka, Hajiya tana buga mana silin da sandar mofa daga ƙasa.